Meshtastic a kan Heltec V3: yadda na same ta a gari da kan hanya

Wanda zai sayi na'urar Meshtastic, mai aika saƙon rubutu ta rediyo ba tare da sabis ba, guda ɗaya tak, gara ya riƙe kuɗinsa. Wanda zai sayi biyu ya zuba a aljihu yana jiran su kai masa saƙo daga Kano zuwa Wudil, shi ma takaici zai sha. Amma wanda zai sayi uku, ya ɗora ɗaya a wuri mai tsayi, ya raba sauran tsakaninsa da mutumin da yake yawan nema, wannan ya yi ciniki mai kyau, kuma ina ba shi shawarar ya saya ba tare da ɗar-ɗar ba.

Sana'ata haɗa sola ce, don haka rabin rayuwata a kan rufin mutane take, sauran rabin kuma a mota, ni da ƙanena da yaran aiki, muna bin ƙauyukan da ake sa famfon sola. Yawancin wuraren nan sai ka hau tudu ko ka ɗaga waya sama kafin sabis ya leƙo. Tunanin neman wata hanya ya fara zaunar mini tun watan Satumban 2021, lokacin da aka rufe layukan sadarwa a jihar Zamfara baki ɗaya, da ƙananan hukumomi 13 na Katsina, da wasu sassan Sakkwato da Kaduna, saboda aikin tsaro. Muna da dangi a Funtuwa. Mutum ya shiga mota ya yi doguwar tafiya don kawai ya buga waya ya ce lafiya lau yake. A nan na gane cewa wayar da ke hannuna ba ta iya yin magana da wayar maƙwabcina sai ta bi ta ƙarfen sabis, ko da katanga ɗaya ce tsakaninmu. Ba ina nufin a nemi hanyar kauce wa dokar da hukuma ta kafa don kare rayuka ba. Inda aka hana, an hana. Abin da nake nema shi ne mafita ga rashin sabis na yau da kullum: gona, daji, hanya, ranar da janareton ƙarfen sabis ya mutu.

Meshtastic manhaja ce ta kyauta wadda kowa zai iya duba cikinta ya gyara, wani injiniya Ba'amurke mai suna Kevin Hester ya assasa ta wajen shekarar 2020, yanzu kuma 'yan sa kai ne daga ƙasashe da yawa ke tafiyar da ita. Ita ba ƙarfe ba ce, sai an zuba ta a kan ƙaramin allon lantarki mai rediyon LoRa, fasahar kamfanin Semtech. Allon da na saya shi ne Heltec WiFi LoRa 32 V3, wanda bai fi tsawon ɗan yatsa ba. Yana da ƙwaƙwalwar ESP32-S3, da rediyon SX1262, da ɗan gilashin rubutu mai inci 0.96, da maɓallai biyu, da bakin caji na USB-C. Kuɗinsa a kasuwannin intanet na Sin yana kaiwa tsakanin dala 20 da 30, gwargwadon ko da gida da batir ko tsirara. Na zaga kasuwar waya ta Farm Centre a Kano ban gan shi a shimfiɗe ba, sai wani abokina mai odar kayan waya ya haɗo mini da kayansa.

Yadda take aiki ba wuya. Wayarka tana haɗuwa da na'urar ta Bluetooth, ka rubuta saƙo a manhajar Android ko iPhone, na'urar ta watsa shi ta iska. Duk wata na'ura da ta ji, idan ba ta taɓa jin wannan saƙon ba, sai ta sake watsa shi gaba, kamar yadda leburorin gini ke miƙa kwanon kankare hannu da hannu har ya isa saman dakin. Babu sim, babu kati, babu data. A saitin da take zuwa da shi saƙo yana yin tsalle uku, ana iya ƙara shi har bakwai, amma ban ba kowa shawarar ya ƙara ba, domin iskar cika take yi da maimaici.

Kafin ka biya kuɗi akwai abu guda da ya fi komai muhimmanci, shi ne zangon rediyon da allon yake aiki a kai. Ana sayar da na megahaz 433, da na 868, da na 915. Na 915 na Amurka ne, yana aiki daga 902 zuwa 928, kuma ƙasan wannan zangon ya hau kan inda wayoyinmu na GSM 900 ke aika magana zuwa ƙarfen sabis, wato 890 zuwa 915. Kada ka kawo shi nan. A rabon zanguna na hukumar sadarwa ta duniya, Afirka da Turai yanki ɗaya suke, shi ya sa na ɗauki na 868, na kuma zaɓi EU_868 a manhaja. Na'urar ba ta watsa komai sai ka zaɓi yankin, kuma na ji daɗin wannan tsari. Duk wanda zai kafa su da yawa, ko don kasuwanci, ya fara tuntuɓar hukumar NCC, ko takwararta idan a Nijar ko Gana yake.

Zuba manhajar ciki bai ɗauke ni lokacin shan shayi ba: kwamfuta mai Chrome, kebul mai ɗaukar data ba na caji kawai ba, sai shafin zubawa na Meshtastic. Ka ɗaura eriya kafin ka ba ta wuta, domin watsawa babu eriya yana iya lalata rediyon. Idan ka zo haɗa ta da waya, lamba shida za ta fito a gilashin, ka shigar, an gama.

Maganar nisa ita kowa ke fara tambaya, kuma a nan masu talla ke cika baki. Ƙarfin rediyon bai wuce miliwat 160 ba, bai kama ƙafar oba-oba mai wat 5 ba. Abin da ke ceton sa shi ne LoRa tana iya tsamo saƙo ko da ya nutse ƙarƙashin hayaniyar iska, amma a madadin haka tana tafiya a hankali ƙwarai. Saitin LongFast, wanda kusan kowa ke kai, wajen kilobit ɗaya ne kawai a daƙiƙa. Murya ba ta wucewa, hoto ba ya wucewa, rubutu ne kawai mai haruffa wajen ɗari biyu.

A cikin unguwa, na'ura a aljihuna, ɗayar a ɗakin ƙanena, abin da muka samu bai taka kara ya karya ba. Kilomita ɗaya, wani lokaci da 'yan kai, sai saƙo ya fara ɓata. Katangun bulo, rufin kwano, benaye, har jikin mutum, duk suna cinye shi. Da a nan na tsaya, da na ce kayan wasan yara ne. Sai wata Juma'a da yamma na hau Dutsen Dala da ɗaya a hannu, ƙanena kuma ya ɗauki ɗayar a babur ya nufi hanyar Zariya. Ina zaune a kan dutsen, garin yana shimfiɗe a ƙasa, rufin kwano yana walƙiya har iyakar gani, wayata tana ta ƙara. "Yaya na wuce Gadar Lado." Can kuma, "Yaya ina Na'ibawa, kana ji na?" Na amsa masa, ya ce ya shigo masa nan take. Na'urar nan ce dai wadda ta kasa ƙetare unguwa ɗaya, ba a canza mata batir ba, ba a canza eriya ba. Abin da ya canza kawai shi ne inda nake tsaye.

Dalilin a bayyane yake. A wannan zangon saƙo kusan a miƙe yake tafiya, abin da eriya ba ta hanga ba da wuya ta kai masa. Ƙasa kuma lanƙwasa take yi: eriyar da aka ɗaga mita 2 daga ƙasa iyakar hangenta a fili fetal kilomita 5 ne, wadda ke mita 25 kuma tana kusan kaiwa kilomita 18. Ƙasarmu ta Kano da Jigawa shimfiɗaɗɗiya ce, duwatsun da za su tare ba su da yawa, saboda haka duk mita ɗaya da ka ƙara a tsayi riba ce. Shi ya sa na ce uku. Ta ukun ita ce ke zaune a sama tana karɓa daga wannan tana miƙa wa wancan.

Ga ta saman nan ban yi amfani da Heltec ba, kuma ba don ta yi mini laifi ba. ESP32 ƙwaƙwalwa ce mai WiFi, an gina ta da cin wuta, batirin litiyam samfurin 18650 guda ɗaya yana riƙe ta kamar yini da kwana. A aljihu ko a mota wannan ba damuwa ba ce, ka caja ta tare da waya. Amma abin da za ka ɗaure a ƙarfen tankin ruwa ka manta da shi, allon RAK4631 mai ƙwaƙwalwar nRF52840 ya fi dacewa, domin abin da yake ci kaɗan ne sosai, ɗan faranti mai wat 5 ya ishe shi har ya yi saura. A nan sana'ata ta yi mini rana. Batirin litiyam ba ya son a caja shi idan zafinsa ya haura digiri 45, Kano kuwa a watan Afrilu iska kanta tana wuce 40, balle cikin baƙin akwati da rana ke duka. Sai na sa shi a farin akwatin roba mai hana ruwa, na ɓoye akwatin a inuwar farantin, na huda ƙasansa na toshe da raga saboda zanzaro da tururuwa. Lokacin hunturu ƙura tana rufe farantin, sai an hau an goge. Da damina kuma a tuna da tsawa, kada eriyar ta zama ita ce mafi tsayi a gidan babu kariya. A manhaja akwai matsayin da ake kira ROUTER, kowa kuma yana ɗokin sa shi, amma masu Meshtastic da kansu sun ce a bar shi ga wadda ke kan dutse ko doguwar hasumiya. Ta kan tankin gida a bar ta a CLIENT, tana miƙa saƙo yadda ya kamata.

Eriyar da aka haɗo mini a cikin kwali, wani mai shago a intanet ne ya cusa ta a matsayin kyauta, kuma ba ta da amfani. Doguwa ce mai kyan gani, an rubuta mata lambar ƙarfi mai yawa, amma da na sauya ta da gajeriya ta kirki sai nisan ya ƙaru. A zangon 868, rubu'in tsawon igiyar rediyo santimita 8.6 ne kacal, don haka tsawo ba shi ne inganci ba. A sayi eriyar da aka yanka don 868 daga wurin da ake iya mayar da kaya.

A mota ne na fi sanin darajarta, a nan kuma na fi sanin iyakarta. Mun yi aiki a wajen Saminaka, motoci biyu, tawa a gaba da faranti da batura, ta ƙanena a baya da yara da tsani. Hanyar ita ce Kwanar Dangora, Tudun Wada, sannan dajin Falgore. Duk wanda ya saba bin ta ya san inda waya ke yin shiru, ya kuma san ba wurin da mutum ke son ya waiwaya ya rasa motar ɗan'uwansa ba ne. Da farko na ajiye na'urar a mazaunin kofi kusa da giya, sai ta riƙa rasa motar baya da zarar mun sha kwana. Jikin mota ƙarfe ne, keji ne ga rediyo. Da na maƙala ta a jikin gilashi abin ya gyaru kaɗan. Da na sa eriya mai mayen ƙarfe a tsakiyar rufi, na zaro wayarta ta gefen ƙofa, sai ya zama wani abu dabam: ko sun ɓace mini a madubi, tazarar kilomita biyu ko uku, saƙo yana shiga. Rufin da kansa yana taimaka wa eriyar. A kula dai kada wayar eriyar ta yi tsawo, domin a wannan zangon siririyar waya tana shanye ƙarfin kafin ya kai sama.

A cikin dajin ne yaron da ke gefena ya ce, "Oga, Yaya ƙarami ya ce taya ta yi faci, sun tsaya bayan gada." Wayoyinmu duka babu ko sanda ɗaya ta sabis. Na samu wuri na juya. Da babu na'urar, da sai na kai gari na jira, na ga shiru, hankalina ya tashi, sannan na dawo ina dube-dube. Wannan saƙon guda ɗaya ya biya mini kuɗin na'urorin.

Sai dai a lura da wanda ya karanta saƙon: yaron ne, ba ni ba. Meshtastic ba ta direba ba ce. Rubutu ne, sai an kalli waya, kuma ba na yarda kowa ya yi haka hannunsa na kan sitiyari. Manhajar Android tana ba ka damar shirya gajerun saƙonni ka danna sau ɗaya, mu mun sa "Mun tsaya", "Ku rage gudu, rami", "Mai ya kusa ƙarewa", "Lafiya lau", amma duk da haka aikin na mai zaman gefe ne. Direban da ke shi kaɗai murya yake bukata, kuma a nan oba-oba ta fi. Irin Baofeng UV-5R da ta cika kasuwa tana aiki daga megahaz 136 zuwa 174, da kuma daga 400 zuwa sama, ka danna ka yi magana idonka na kan titi. Amma duk mai irinta yana jin abin da kake faɗa, kuma tana iya hawa zangon da hukumomi da kamfanoni ke aiki a kai, don haka watsawa da ita sai da lasisi. Masu sha'awar rediyo da suka yi jarrabawa suka karɓi lasisi suna da nasu zangon, 144 zuwa 146 da 430 zuwa 440 a yankinmu, da lambar kira mai farawa da 5N a Nijeriya, 5U a Nijar, 9G a Gana. Waɗanda suka ɗaura rediyon gajeren zango a mota, a kan zangon da ake kira mita 20, suna iya gaisawa da Turai suna tafe a titi idan yanayin sama ya yi kyau. Wannan ina sha'awarsa ƙwarai, amma wata duniya ce dabam da kuɗinta da karatunta.

A shingen bincike an taɓa tambayata. Jami'in ya nuna eriyar rufi ya ce, "Malam, wannan fa?" Na ce, "Yallaɓai, ta aika saƙo ce tsakanina da motar baya, ga ta nan." Na buɗe wayar na nuna masa hirar, na nuna masa katin sana'ata da kayan da ke baya. Ya duba ya ce mu wuce. Tambayarsa tana kan hanya, a halin da ake ciki dole a tambaya. Shawarata ita ce a sa allon a cikin gida mai kyau, kada a bar shi tsirara da wayoyi da batir a naɗe da salatif, kuma a riƙe rasiɗin saye a mota.

Akwai abubuwan da ya kamata mai saye ya sani tun kafin su ba shi mamaki. Tashar da na'urar ke zuwa da ita a buɗe take, makullinta sananne ne ga kowa, duk mai Meshtastic da ke kusa zai karanta. Don maganar gida sai ka buɗe taka tashar, wadda ake kullewa da tsarin ɓoye saƙo mai ƙarfi na AES-256, ka ba mutanenka ta hanyar hoton QR, su ɗauka da kyamara. Ana iya riƙe tashoshi har takwas. Wannan ya fi muhimmanci ga maganar wuri. Heltec V3 ba ta da GPS, amma tana iya aron na wayarka ta riƙa sanar da inda kake, ya fito a taswira. A cikin ayari abu ne mai daɗi ka ga ɗigon motar ƙanenka yana biye da kai. A buɗaɗɗiyar tasha kuwa, a hanya irin ta Falgore, ba na son kowa ya san inda nake, don haka a tasharmu ta gida kawai nake kunna shi.

Saƙo kuma ba ya jira. Tes ɗin waya idan ka kashe waya yana zaune har ka kunna. A nan idan ɗan'uwanka ya fita daga zango, na'urar za ta sake gwadawa kaɗan ta haƙura, saƙon ya tafi ke nan. Alamar da ke nuna an karɓa, a tashar jama'a, ma'anarta wata na'ura ta ji ta miƙa gaba, ba lallai wanda kake nufi ba. Mu dokarmu ita ce duk wanda ya ga saƙo ya amsa da "Na gani". Haruffanmu masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ, suna fita daidai a waya, sai dai kowanne yana cin gurbin harafi biyu a cikin ɗan adadin da aka ba ka, kuma a ɗan gilashin na'urar ba sa fita yadda ya kamata. Mu a waya muke karantawa, don haka bai dame mu ba.

Wanda ya fi ba ni mamaki shi ne Kawu, mai kula da gonarmu, wanda na zaci ba zai kula ta ba. Na ɗaure masa ɗaya a dogon gora a kan rumbu, ɗansa yana riƙe da wayar. Yanzu idan famfo ya tsaya ko ana bukatar taki, saƙon yana isa gidan da ke bakin titi inda akwai sabis, daga can a buga mini waya. Da, sai yaron ya hau keke. Kawu ya ce mini, "Ɗan nan, ka ƙara wa gorar tsawo, ta wajen fadama ba ta ji." Gaskiyarsa kuwa, itatuwan mangwaro ne suka tare, muka ƙara gora ɗaya ta wuce su.

Babban abin da ya rage mata a wurinmu shi ne mutane. A biranen Turai da Amurka ka kunna ka ga na'urori da yawa a jeri, saƙonka yana bin rufin baƙi har ya ƙetare gari. Ni idan na kunna, nawa kawai nake gani. Masu gyaran waya, masu haɗa sola da dish, ɗaliban injiniya na Bayero da na Wudil, ku ne kuke da tsani da dalma da rufin hawa. Idan za ku ɗora, ku sa EU_868, ku bar ta a LongFast, ku bar tashar farko yadda ta zo domin na'urorinmu su ga juna, maganar sirri kuma ku buɗe mata tasha ta biyu. Tawa tana kan tankin ruwa a kunne dare da rana, kuma tana miƙa saƙon duk wanda ya iso gare ta.